ZARE: Ina ƙwayar kwalara take ɓuya da rani?

1/ Kusan duk damina sai mun ji an ce amai da gudawa ta ɓarke a wani gari. Rani ya shigo, a ji shiru. To ina ƙwayar take zuwa a tsakanin nan? Masana sun kwashe sama da shekara 100 suna rigima kan wannan tambaya. Ku gyara zama, zaren da ɗan tsawo.

2/ Ni ɗalibin maikurobayoloji ne, aji uku. Aikin semina aka ba mu kan yadda bakteriyar ruwa ke sauya kanta idan yanayin ruwan ya sauya. Na zaɓi Vibrio cholerae saboda ita ce bakteriyar ruwan da kowa a nan ya san aikinta, ko da bai san sunanta ba.

3/ Don kada a ɗauka zancen littafi ne kawai: a 2021 hukumar NCDC ta lissafa mutum sama da 111,000 da ake zargin sun kamu da kwalara a Najeriya, sama da 3,600 suka rasu. Bauchi, Jigawa, Kano da Zamfara ne suka fi jin jiki. Maraɗi ma ba ta tsira ba. A shekarar kwalara ta fi korona kisa a Najeriya, amma wacce aka fi yi wa surutu? Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu.

4/ Mu koma Landan, 1854. Likitocin lokacin sun yarda cewa wari da gurɓatacciyar iska ke kawo cutar. Wani likita, John Snow, ya ƙi yarda. Da ta ɓarke a unguwar Soho ta kashe mutum sama da 600, ya bi gida-gida yana tambayar inda mamatan ke ɗibar ruwa. Amsa ɗaya ta riƙa dawowa: famfon titin Broad Street. Ya shawo kan hukuma aka cire hannun famfon.

5/ Snow bai taɓa ganin ƙwayar ba. A shekarar nan dai, a Fulorans ta Italiya, Filippo Pacini ya gan ta da madubin likita a hanjin mamata, ya rubuta, ba wanda ya kula shi. Ya mutu a 1883. Sai 1965 aka jingina sunan ƙwayar gare shi a hukumance, shekara 82 yana kabari.

6/ Wanda duniya ta saurara shi ne Robert Koch na Jamus. A 1883 ya bi annobar zuwa Iskandariya ta Masar, daga nan ya wuce Kalkata a Indiya. Farkon 1884 ya ware ƙwayar ya raine ta ita kaɗai, ya ce siffarta kamar waƙafi. Kuma ya same ta a wani tafkin unguwa da mutane ke sha, suke wanka da wanki a ciki.

7/ Ga yadda aka fassara abin: majinyaci ya ɓata ruwa, wani ya sha. Ruwa hanya ce kawai, gidan ƙwayar shi ne hanjin ɗan Adam, in ta daɗe a waje mutuwa take. Wannan ra'ayi ya yi mulki kusan shekara 90.

8/ Amma akwai wani tsoho mai taurin kai a Munik, Max von Pettenkofer. Shi cewa yake ƙwayar ita kaɗai ba ta isa ba, sai ta haɗu da wani yanayi na ƙasa da ruwan ƙarƙashinta kafin ta zama guba. Ranar 7 ga Oktoba 1892, yana da shekara 73, ya ɗaga kofi mai ɗauke da ƙwayar da aka raina ya shanye, don ya ƙaryata Koch. Gudawa kawai ya yi, bai mutu ba. Ya ce kun gani?

9/ Sai dai a shekarar Hambug ta riga ta ba shi amsa. Birnin na shan ruwan kogin Elbe ba tacewa, mutum kusan 8,600 suka mutu. Altona, maƙwabciyarsu, kogi ɗaya suke sha amma ita tana tace nata da yashi, ba ta ga irin wannan mace-macen ba.

10/ Tsohon ya sha kaye, kuma da gaskiya aka kayar da shi. Amma ni dai ina ganin tambayarsa mai kyau ce: me ya sa cutar ke da lokacinta da wurarenta? Koch bai amsa ta ba. An binne tambayar tare da mai ita.

11/ 1959, Kalkata kuma. Sambhu Nath De ya nuna a hanjin zomo cewa ko an tace ƙwayar an cire ta, ruwan da ta zauna a ciki na sa hanji ya cika da ruwa. Ke nan dafi take saki. Daga baya aka gano dafin na shiga ƙwayoyin bangon hanji ya danne wani makunni ya hana shi komawa, sai su yi ta fitar da gishiri, ruwa ya bi gishirin. Shi ya sa mai kwalara kan iya zubar da lita guda cikin sa'a ɗaya.

12/ Wacce ke damun mu yau sunanta El Tor, sunan wani sansanin killace alhazai a Sinai ta Masar inda aka fara ganinta a 1905. A 1961 ta tashi daga Sulawesi ta Indunusiya ta fara zagaya duniya. A 1970 ta sauka Gini, kafin shekarar ta ƙare ta iso Najeriya. A 1991 an lissafa mutum sama da 59,000 da suka kamu a ƙasar, sama da 7,600 suka rasu.

13/ Yanzu ga matar da ta tono tambayar tsohon nan: Rita Colwell, ba'amurkiya mai nazarin bakteriyar ruwa. A 1977 ita da abokan aikinta suka ba da rahoton samun Vibrio cholerae a mashigin ruwan Chesapeake na Amurka, inda ruwan kogi ke haɗuwa da na teku, wurin da babu annobar kwalara ko kaɗan. To wane majinyaci ne ya zuba ta?

14/ Amsarta: babu. Ruwan ne gidanta. Da yawa cikin likitoci ba su ɗauki maganar da muhimmanci ba, kuma suna da hujja: in dai a ruwa take zaune, me ya sa idan annoba ta wuce aka ɗebo ruwan Bangaladesh aka shuka a farantin gwaji ba ta tsirowa?

15/ A 1982 ɗakin binciken Colwell ya kawo bayanin da ya tayar da ƙura. Idan ruwa ya yi sanyi ko abinci ya ƙare, ƙwayar kan ƙanƙance, ta bar siffar waƙafi ta dunƙule, ta rage aikin jikinta ƙasa sosai. Tana raye, amma ko ka ba ta abinci a faranti ba za ta hayayyafa ba. Tun zamanin Koch kuma ƙa'idar ita ce abin da bai tsiro a faranti ba ya mutu. Ashe barci take, ma'aunin ne makaho.

16/ A 1983 Anwar Huq, ɗan Bangaladesh da ke aiki da ita, ya nuna inda take manne: jikin wasu ƙananan ƙwarin ruwa da ake kira kofifod, girmansu bai wuce milimita ɗaya ko biyu ba. Ɓawonsu na kaitin ne, irin abin da ɓawon fara da ƙaguwa ke da shi. Ku riƙe kalmar kaitin, za mu dawo kanta.

17/ Daga nan tarihin ya koma cikin ƙwayar kanta, kuma nan ne na fi jin daɗinsa. Halitta ce mai tsawon maikuron 2 ko 3 (maikuron shi ne milimita a raba gida 1,000). Ba ido, ba ƙwaƙwalwa. Ta yaya take sanin yanzu tana tafki, yanzu tana cikin mutum?

18/ Fara da gishiri. Ruwa kullum yana bin inda gishiri ya fi yawa. Idan ƙwayar ta faɗa ruwan daɗi, ruwa zai yi ta kwarara cikinta har ta kusa fashewa. Fatarta na da wasu ƙofofin gaggawa na furotin, MscS da MscL, da miƙewar fatar kanta ke buɗe su, su zubar da kaya waje matsin ya sauka.

19/ Idan kuma gishiri ya yi yawa a waje, sai ta haɗa wani sinadari, ektoyin, ko ta zuƙo wani daga ruwan, ta tara a ciki don ruwan jikinta kada ya gudu. Yawancin 'yan uwanta na dangin Vibrio ba sa iya rayuwa sai da gishiri sosai. Ita tana jure ƙarancinsa, shi ya buɗe mata koguna da tafkuna.

20/ Sai shawarar tafiya ko zama. Tana da wutsiya ɗaya da take iyo da ita. A cikinta akwai wani ɗan sinadarin saƙo, c-di-GMP. In ya yi ƙasa, iyo take. In ya hau, sai ta daina iyo ta fara fitar da yauƙi mai danƙo, ita da 'yan uwanta su manne wuri ɗaya. Tana da furotin kusan 60 masu alaƙa da haɗa wannan sinadari ko rusa shi, da yawansu na sauraren wani abu daga waje.

21/ Kun san santsin nan da ake ji a cikin randa ko jarka idan an daɗe ba a wanke ba? Irin wannan gini ne na bakteriya. Ba wai kwalara ce a randarku ba, amma tsarin ɗaya ne. A cikin yauƙin suna samun kariya daga masu cin su, daga asid ɗin ciki, har kulorin ma sai ya fi wahalar kai musu.

22/ To kaitin. Abinci ne gare ta, tana da furotin masu narkar da shi. Amma a 2005 aka fitar da bincike biyu da suka sauya yadda ake kallonta.

23/ Na farko, daga ɗakin binciken Ronald Taylor: furotin ɗin da take manne wa ɓawon kofifod da shi, GbpA, shi ne dai take manne wa bangon hanjin mutum da shi. Dalili kuwa irin sukarin da aka gina kaitin da shi yana nan a majinar hanjinmu. Wato a wajenta hanjinka wani ƙwaron ruwa ne babba mai ɗumi. Wallahi da na karanta wannan sai da na ajiye wayar.

24/ Na biyu, daga jami'ar Stanford: idan tana zaune kan kaitin, sai ta kunna na'urar haɗiye DNA daga ruwan da ke kewaye da ita, ta dasa shi cikin nata. A 2015 Melanie Blokesch a Suwizalan ta ƙara nuna cewa a lokacin ne take kunna wani abu kamar mashi, ta soke bakteriyar da ke kusa, ta kashe ta, ta kwashe ƙwayoyin gadonta. Fashi da makami a bayan ƙwaro.

25/ Ke nan ba kunna abin da take da shi kawai take yi ba, sabon kaya ma tana samowa. Akwai nau'o'inta sama da 200, amma biyu ne kawai ke kawo annoba, O1 da O139. Ita O139 sai 1992 ta bayyana a Indiya da Bangaladesh, kuma bincike ya nuna El Tor ce ta sauya rigarta ta waje da ƙwayoyin gadon da ta samo daga wata. Manya da suka taɓa yin cutar suna da kariya sai ga shi suna kamuwa.

26/ Shi kansa dafin aro ne. A 1996 Matthew Waldor da John Mekalanos na Harvard suka gano cewa ƙwayoyin gadon da ke haɗa dafin na wani bairos ne mai kama bakteriya, wanda ya shige cikin DNA ɗinta ya zauna. Mafi yawan Vibrio cholerae da ke ruwan duniya ba su da shi, ba sa iya kawo annoba. Wacce ke kashe mu ita ma kamuwa ta yi.

27/ Yanzu a ce wani ya sha ta. Ta ina za ta san ta iso? Hanya ɗaya ita ce zafi. Akwai furotin mai suna ToxT, shi ke ba da umarnin haɗa dafi. Saƙon RNA da ake karanta shi daga ciki yana naɗe kansa idan akwai sanyi, ya ɓoye wurin da injin haɗa furotin zai kama. A digiri 37, zafin jikin mutum, naɗin sai ya warware. An nuna wannan a 2014. Ma'aunin zafi ne da aka yi da zare ɗaya.

28/ Wata hanyar ita ce ToxR, furotin da ke zaune a fatarta, wanda aka gano tun 1984. Shi ma yana cikin masu tayar da ToxT, kuma yana sauya mata ƙofofin fata: ya rage OmpT ya ƙara OmpU, wacce ta fi taimaka mata jure ruwan matsarmama. Ba ta ɓata ƙarfinta wajen haɗa dafi a tafki. Wa za ta sa wa?

29/ Suna kuma ƙirga junansu. Kowace na sakin wani sinadari kaɗan, idan ya taru da yawa sun san sun cika wuri. Ɗakin binciken Bonnie Bassler a Princeton ya yi aiki sosai kan wannan. Yawancin bakteriya masu cuta sai sun yi yawa suke kai hari. Ita akasin haka take: tana 'yan kaɗan take sakin dafi, in sun yi yawa wani furotin, HapR, ya kashe dafin, ya sa su saki bangon hanji su bi gudawar su fita.

30/ Kafin ta fita ma ta fara shiri. Andrew Camilli da ɗalibansa a jami'ar Tufts sun nuna cewa a ƙarshen cutar tana kunna ƙwayoyin gadon da sai a ruwa za su yi mata amfani, tana kuma tara sukari a jikinta, guzurin tafiya inda babu abinci.

31/ Su ne kuma a 2002 suka gano abin da ya fi ba ni tsoro. Ƙwayar da ta fito yanzu-yanzu daga majinyaci ta fi wacce aka raina a ɗakin gwaji iya kama jariran ɓera ninki 10 zuwa 100. Wannan kaifin na nan har sa'a biyar bayan ta shiga ruwan tafki, sannan ya dushe. Ku tuna wannan ma.

32/ Duk wannan ilimi ya ceci wani? Ƙwarai. Colwell da Huq suka ce tunda a jikin kofifod take, a tace kofifod ɗin. A ƙauyuka 65 na yankin Matlab a Bangaladesh, mutum kusan 133,000, aka koya wa matan wasu daga cikin ƙauyukan su ninka tsohon zanen sari aƙalla sau huɗu su tace ruwan kogi da tafki. Sakamakon da ya fito a 2003: kwalara ta ragu da kashi 48 cikin 100. Tsohon zane ya fi sabo ma, don zarensa ya yi laushi ramukan sun matse.

33/ Da nan labarin ya ƙare da sai a ce Colwell ta cinye gasar. Sai ga Haiti, Oktoba 2010. Ƙasar da ta kai kusan shekara 100 ba ta ga annobar kwalara ba. Wasu suka ce yanayin ruwa ne ya tayar da wacce ke kwance. Da aka karanta DNA ɗinta sai ta dace da ta Nefal, inda sojojin kiyaye zaman lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya suka fito, kuma ƙazantar sansaninsu na shiga wani reshen kogin Artibonite. Mutum kusan 10,000 suka mutu. Ban Ki-moon ya nemi afuwa a 2016.

34/ A 2017 masana daga cibiyar Pasteur ta Faransa da cibiyar Sanger ta Ingila suka karanta DNA na samfuri sama da 1,000, ciki har da na ƙasashen Afirka 45. Suka gano cewa manyan annobar Afirka tun 1970 daga zuriya ɗaya suke, wacce aka shigo da ita daga Asiya aƙalla sau 11. Ba Vibrio cholerae ta kogunanmu ce ta farka ba. Mutane ne suka kawo ta, mutane suke yawo da ita.

35/ Ra'ayina, kuma a shirye nake a yi min gardama: Colwell ta yi daidai game da asalin ƙwayar, kayan aikinta na ruwa ne, kuma a gaɓar Bengal ruwan na iya zama ma'ajiyarta. Amma a wajenmu, yankin tafkin Chadi da garuruwan da ke kewaye, bayanin Koch ya fi kusa da abin da ke faruwa. Tana ci gaba da bin mutane jifa-jifa, daga wannan gari zuwa wancan, ana tsallaka iyaka da ita. Damina ta zo, ambaliya ta haɗa masai da rijiya, sai ta samu hanya.

36/ Shi ya sa nake jan hankalin masu yaɗa labarin zanen sari kamar shi ke nan magani. Ramukan zanen kusan maikuron 20 ne. Suna kama kofifod da dunƙulen datti, amma ƙwaya mai maikuron 2 da ta fito daga masai ta shiga rijiya ita kaɗai wucewa za ta yi. Tacewa ta fi babu, amma ba ta maye gurbin tafasawa ko kulorin.

37/ Kuma ku tuna sa'a biyar ɗin nan. Wanda ya fi kowa shiga haɗari shi ne mai jinya da 'yan gidan: hannun da ya wanke fo, butar da aka taɓa, moɗar da ake tsomawa a randa. Sabulu, da keɓe moɗar randa, da zuba kulorin a kan abin da majinyaci ya fitar kafin a zubar.

38/ Idan har ta kama mutum, dafin bai lalata ƙofar da ke shigar da sukari tare da gishiri a hanji ba, ruwa kuma na bin su ciki. A 1971 Dilip Mahalanabis ya yi amfani da wannan a sansanin 'yan gudun hijirar Bangaladesh da ke Bangaon, lokacin da ruwan ƙari ya ƙare, mace-mace suka sauko daga kusan kashi 30 zuwa ƙasa da kashi 4. In babu ORS na leda: lita ɗaya ta tsaftataccen ruwa, sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali. A riƙa ba shi ana kan hanyar asibiti, kada a jira.

39/ Akwai batun bairos masu cin ƙwayar a ruwan Dhaka, waɗanda Shah Faruque ya nuna a 2005 cewa idan sun yi yawa annoba kan ja baya. Wannan zare ne na daban. Mai tambaya ya ajiye a ƙasa, zan bi su in an kawo wuta na yi caji.